Ƙwarewa a Ciwon Suga da Cututtukan Homon: A Gida Zan Yi Horo ko a Waje?

 Ni likita ce a wani asibitin koyarwa a Arewa. Na ci jarrabawar mataki na ɗaya a fannin cututtukan cikin jiki na manya, yanzu an ce in zaɓi reshen da zan ƙware a kai. Tun ina ɗaliba zuciyata ke kan endokirinoloji, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya sanyaya mini gwiwa. Wasu sun ce babu abin yi a ciki sai rubuta metformin da insulin. Wasu sun ce ba kuɗi, gara in yi zuciya ko ƙoda. Maigidana kuma yana ganin in dai har zan yi, to in nemi Amurka ko Ingila, tunda a nan wani gwajin homon ɗin ma sai an aika jini Legas. 'Ya'yana biyu, ƙaramin ko yaye shi ban yi ba. Don Allah a ba ni shawara.

Ƙanwata, Allah ya sanya albarka a wannan nasara, ya raya miki yaran. Maganganun da aka faɗa miki su ne aka faɗa mini lokacin da nake tsaye a mararrabar da kike tsaye yau. Ga amsata tun daga farko: ki yi fannin, ki yi shi a gida, ki fara neman malami kafin ki dubi girman gini. Idan kin kusa gamawa ko kin gama, sai ki fita waje na ɗan lokaci ki ɗebo abin da kika tabbatar babu shi a nan. Yanzu bari in kawo dalilai.

Saboda sauran masu karatu da ba likitoci ba, ga abin da fannin ya ƙunsa. A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da ke tatso sinadarai su zuba su cikin jini, sinadaran su bi jini su kai umarni ga wasu sassan jiki. Su ne homon. Fankiriyas da ke bayan tumbi ita ke ba da insulin mai daidaita suga. Tayirod tana gaban wuya, ita ce idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Adirinal guda biyu ce, kowace tana zaune a kan ƙoda. Sai fitiyutari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma akalar yawancin sauran a hannunta take. Likitan da ya ƙware a cututtukan waɗannan gaɓoɓi, har da na ƙashi da ƙiba da girman jiki da wani sashe na rashin haihuwa, shi ne wanda 'yar'uwarmu ke son ta zama.

Ga masu cewa aikin bai wuce rubuta metformin ba, ina da labarin wata mata. Ina siniya rajistara, wato matakin da za ki shiga yanzu, aka kawo ta daga ƙauye. Shekarunta ba su wuce talatin ba, amma fuskarta ta yi fari, ga ƙananan tamoji a gefen ido da baki kamar na tsohuwa. Muryarta can ƙasa-ƙasa, tana lulluɓe da zane biyu a tsakiyar bazara. Shekara shida ana yawo da ita. An yi ruƙiyya, an yi turare, an ƙara jini, an sha maganin taifot ba adadi, daga ƙarshe dangin miji suka yanke cewa son jiki ne. Ni kuwa na cika shafi guda da sunayen gwaje-gwaje, alhali mijin ko kuɗin motar komawa gida ba shi da tabbacinsu.

Malamina ya shigo, ya ja kujera ya zauna dab da ita, ya yi mata tambaya uku da Hausa. A haihuwarki ta ƙarshe kin zubar da jini da yawa? Bayan nan nono ya zo? Kin sake ganin al'ada? Ta ce jini kam har sai da ta suma, nono bai zo ba sam, al'ada kuwa rabonta da ita tun kafin cikin. Ya sa nas ta duba hammatarta, babu ko silin gashi. Ya juyo ya ce mini cutar Sheehan ce. Fitiyutari takan ƙara girma lokacin goyon ciki, idan jini ya zuba sosai wajen haihuwa sai ta rasa jinin da za ta rayu da shi, ta mutu, duk gaɓoɓin da ke jiran umarninta su yi shiru. Sannan ya ja mini kunne a kan abu ɗaya da ban taɓa mantawa ba: a fara ba ta haidirokotizon tukuna, sai bayan kwanaki a sa maganin tayirod. Wanda ya juya wannan jeri yana iya jefa ta cikin halin da ba za ta tashi ba. Bayan 'yan makonni ta dawo kilinik da ƙafarta, tana magana da ƙarfi, ta kawo wa nas-nas ɗinmu ƙullin daddawa.

A ƙasashen da mata ke haihuwa a asibiti, jini na jira a firji, likita na iya shekaru bai ga irin wannan ba. A wurinmu, inda mata da yawa ke haihuwa a gida kuma a makara wajen kai su asibiti, suna nan birjik ba a gano su ba. Haka kuma amaryar da za ta zo miki fuska ta yi tulu-tulu, ciki ya fito, ƙafafu sun tsuke, ga nankarwa ja mai faɗi a cinya da hantsa, ga suga da hawan jini a shekara ashirin. Idan kin lallashe ta za ta fito miki da ƙwayoyin ƙiba da aka haɗa mata a kemis kafin biki, cikinsu har da dezametazon, ko man shafawa mai sitiroid da ta shekara uku tana gogawa don ta yi haske. Gane cutar bai kai janye maganin wuya ba, domin adirinal ɗinta ta daɗe da daina aiki, idan aka tsayar da ƙwayar rana ɗaya tana iya faɗuwa. A hankali ake ragewa, wata da watanni, kina lallashi kina sa ido. Ga wanda tarin fuka ya cinye masa adirinal, fatarsa ta ƙara duhu, ya rame, jininsa kullum a ƙasa. Ga mai tayirod da ta yi gudu, idanu sun firfito, zuciya na bugawa, an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa. Ga matar da ke neman haihuwa shekara takwas, nono na ɗiga ba ta da goyo, ƙwaya ƙarama ta daidaita mata homon ɗin firolaktin ta samu ciki.

Shi kansa ciwon sugan da ake rainawa, kogi ne. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ke ɗauke da shi a duniya. A yankin Afirka miliyan 24 ne, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 55 a 2045. Nijeriya kaɗai an ƙiyasta mata kusan miliyan 3.6. Ki kwatanta wannan da yawan ƙwararrun da kika sani a jihohin da ke kewaye da ke. Akwai jihar da idan likita ɗaya ya tafi hutu, babu sauran wanda za a tura masa mai lalura mai sarƙaƙiya.

Babban dalilin da ya sa na ce ki yi a gida shi ne ciwon suga na nan yana da nasa halin, kuma a gefen gadon majinyaci ake koyonsa. Ɗauki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, aka kuma sa 6.5 cikin ɗari a matsayin iyakar gane cutar. Gwajin ya dogara ne da cewa jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kusan kwana 120. Mai sikila nasa ba sa kaiwa ko kusa, sai sakamako ya fito ƙasa alhali suga na sama. A ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, likitan da ya rufe ido ya bi wannan lamba zai cuci mutane. Ko kuma magidancin da za a kawo miki a galabaice, suga ya haura, jini ya yi tsami, ki ɗora shi a kan insulin kina zaton har abada ne, bayan 'yan watanni ki ga yana faɗuwar suga, a rage a rage har a cire allurar gaba ɗaya. Likitocin Nijeriya na cikin waɗanda suka fara ba da rahoton wannan nau'i tun shekarun 1960. Haka binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafafun yaranmu yawanci daga ƙarancin kalsiyam a abinci take, ba daga rashin bitamin D kaɗai ba kamar yadda aka saba koyarwa daga ƙasashen sanyi.

Sai azumi. Duk watan Sha'aban kilinik ɗinki zai cika da tambaya ɗaya: Likita, zan iya yi? Dole ki iya tantance wanda zai iya da wanda yin sa haɗari ne gare shi, ki iya juya maganin safe ya koma lokacin buɗa baki, ki rage na sahur, ki gamsar da dattijo cewa tsaga yatsa don awon suga ba ya karya azumi, kuma idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 to ya sha ruwa nan take. Akwai ƙa'idojin ƙasa da ƙasa a kan wannan, waɗanda aka fitar a 2016 aka sabunta a 2021, kuma ya kamata ki san su ciki da bai. Amma yadda za ki faɗa wa Alhaji mai shekara saba'in, wanda bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, cewa bana ciyarwa zai yi, har ya karɓa da natsuwa, wannan sai kin zauna kusa da wanda ya iya kin ga yadda yake yi.

Har yanzu ina tuna wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya mai nau'in suga na ɗaya. Mun daidaita shi a asibiti, muka sallame shi, bayan kwana biyu aka dawo da shi a sume, suga ya faɗi warwas. Na ce wa mahaifiyarsa ta nuna mini yadda take zuƙo maganin. Ta kwance bakin zane ta fito da kwalba da sirinji. Kwalbar mai ƙarfin 100 ce a kowane mililita, sirinjin kuwa na mai ƙarfin 40 ne, wanda ta saya a kemis ɗin unguwa da namu ya ƙare. Tana ja zuwa lamba goma kamar yadda muka koya mata, amma abin da ke shiga jikin yaron 25 ne, ninki biyu da rabi. Ba laifinta ba ne ko kaɗan, mu ne ba mu ce mata sirinji iri biyu ne ba. Tun daga ranar ba na sallamar mai insulin sai na ga kwalba da sirinji a hannuna. Ita ce kuma ta nuna mini yadda take ajiye maganin, tunda ba firji ba wuta: ta ɗaure shi a leda, ta sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, ta binne tukunyar a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan dabara ita ke tsakanin yaron da kabari. An gano insulin a Toronto a 1921, aka fara yi wa yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Janairun 1922. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma yaranmu na mutuwa saboda ba a gane cutar ba, ko an gane babu kuɗin kwalbar wata mai zuwa.

To yaya hanyar take a gida? Kin riga kin san rabinta. Kwaleji biyu ke ba da shaidar ƙwarewa: Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, WACP, wadda aka kafa a 1976, da Kwalejin Horon Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979. Bayan mataki na ɗaya za ki yi shekara biyu zuwa uku kina siniya rajistara a sashen endokirinoloji na asibitin da kwaleji ta amince da shi, ki cika littafin rajistar ayyuka, ki halarci kwasa-kwasan da aka wajabta, ki rubuta kundin bincike, sannan ki zauna jarrabawar ƙarshe, wadda ake yi sau biyu a shekara. In kin ci, kin zama felo, kina iya riƙe muƙamin kwansaltan. In da hali ki yi rajista da kwalejojin biyu, kuma ki karanta kundin manhajarsu na wannan shekara da idonki, domin sharuɗɗa na canzawa, abin da na gabanki ya yi bara ba lallai ya zama shi za a nema a wurinki ba. Dokar horon ƙwarewar likitoci ta 2017 ta tanadi asusun tallafi don kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, ki bi kadin haƙƙinki a ciki. 'Yan'uwanmu na Nijar tasu hanyar daban ce, ta tsarin Faransanci, inda ake yin diflomar ƙwarewa ta DES.

Inda nake so ki natsu shi ne zaɓen wuri. Akwai manyan asibitocin koyarwa a Zariya da Kano da Jos da Maiduguri da Sakkwato, ga Abuja, ga Ibadan da Legas da sauran na Kudu. Ba zan ce miki wannan ya fi wancan ba, domin sashe yakan yi ƙarfi ko rauni da tafiyar mutum ɗaya. Ki je da kanki. Kada ki tsaya a ofishin shugaban sashe, ki nemi siniya rajistarorin da ke ciki, ki zauna da su wajen cin abinci ki yi tambaya. Amincewar kwaleji cikakkiya ce ko ta wucin gadi, kuma yaushe za ta ƙare? Kwansaltan nawa ne a takarda, nawa ne ke zama a kilinik da kansu har a tashi? A shekara biyar da suka wuce mutum nawa suka gama, kuma shekara nawa kowa ya ɗauka? Idan aka aika jini gwajin tayirod ko kotizol, kwana nawa kafin sakamako? Akwai kilinik na haɗin gwiwa da likitocin mata don masu ciki da suga? Akwai likitan tiyata da ke cire tayirod a kai a kai? Suna sakin mutum ya je wani asibiti ƙaro ilimi, ko sai an kai ruwa rana?

Duk cikin waɗannan, ta biyu ta fi nauyi. Asibitin da ba shi da wata na'ura, kina iya zuwa wani wuri wata uku ki koyo ta. Amma malamin da zai ja kujera ya zauna kusa da majinyaci, ya bar ki ki yi kuskuren tunani a gabansa ya gyara miki ba tare da ya wulaƙanta ki ba, ya karanta kundinki ya dawo miki da shi cikin mako biyu da jan biro a kowane shafi, wannan ba a aro shi. Idan kin same shi a garin da kike, ki gode wa Allah ki zauna. Idan sai kin yi tafiyar awa huɗu, ki yi shawara da maigida a kan haka tun yanzu.

Maganar maigidanki a kan gwaje-gwaje tana da ƙamshin gaskiya, kada ki watsar. Endokirinoloji fanni ne na awo, kuma wanda bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba ba zai iya fassara shi da kyau ba. Kafin ki gama, ki tabbata ke da kanki kin yi gwajin shan gulukos giram 75, kin ba da dezametazon miligiram ɗaya da ƙarfe sha ɗaya na dare kin ɗebi jini da safe, kin yi gwajin zaburar da adirinal kin ɗebi jini a minti 30 da 60, kin tsaya a kan gwajin hana ruwa daga farko har ƙarshe. Ki yi wata guda a ɗakin gwaje-gwaje ki ga yadda ake sarrafa jinin, don ki san lokacin da za ki ce wannan sakamako bai yi kama da majinyacin da ke gabana ba, a sake. Ki koyi ɗora na'urar hoto a wuya da tsotso ƙullutun tayirod da siririyar allura. Ki nemi a tura ki Ibadan ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ki ga yadda ake maganin tayirod da ayodin mai tururin nukiliya. Ki zauna da likitocin yara, da na ido, da masu wanke gyambo. Sababbin magunguna irin su semaglutide da masu fitar da suga ta fitsari, da na'urar da ake mannawa a dantse tana auna suga dare da rana, ki san su sosai, ko da a cikin majinyata ashirin ɗaya ne zai iya saye.

Kundin bincike kuwa shi ne ramin da ya fi cinye wa mutane shekaru. Ki tsai da batu cikin wata shida na farko, ki miƙa shawarar bincike da wuri, domin ba a fara tattara bayani sai kwaleji da kwamitin ɗa'a sun amince. Ki zaɓi tambayar da majinyatanta ke zuwa kilinik ɗinki kowane mako, wadda aljihunki zai iya ɗauka. Wata abokiyar karatuna ta zaɓi batu mai burgewa da ke buƙatar wani sinadari daga waje. Ta shafe wata takwas tana tara jini a firiza tana jiran isowarsa. A wani dogon hutu wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, ta dawo ta tarar komai ya narke. Shekara guda ta ƙara. Tambaya a kan ƙafar masu suga, ko sugan masu ciki, ko yadda majinyata ke ƙarewa da azumi, ba ta buƙatar firiza, kuma amsarta za ta yi wa mutanenki amfani.

Yanzu maganar waje. Horon Amurka da Ingila mai kyau ne ƙwarai, kuma ba na zargin duk wanda ya tafi, kowa ya san abin da ya kore shi. Amma ki san lissafin. A Amurka, sai kin ci jarrabawoyin USMLE, kin samu shaidar ECFMG, sannan a bisa al'ada ki sake horon cututtukan cikin jiki daga farko na shekara uku, domin wanda kika yi a nan ba a lissafa shi. Bayan haka ne za ki nemi gurbin endokirinoloji na shekara biyu, ko uku ga mai son bincike. Shekara biyar ke nan aƙalla, ban da na jarrabawa da jiran gurbi. Ingila kuma sai rajista da hukumar likitocinsu, da jarrabawar MRCP, da gasar shiga babban horo na shekara huɗu. Wanda ya bi wannan hanya ƙaura ya yi, kuma yawanci lokacin da ya gama 'ya'ya sun yi nisa a makaranta, dawowa ta yi wuya. Idan niyyarku ke nan ke da maigida, to ku kira ta da sunanta ku shirya mata. Idan kuwa niyyarki ki yi wa mutanen nan aiki, hanya mafi kusa ita ce ki gama a gida sannan ki fita da buƙata takamaimai.  Afirka ta Kudu na da horon shekara biyu. Akwai ziyarar gani da ido ta wata ɗaya zuwa uku a cibiyoyi da dama. Likitocin yara kuma suna da cibiyoyin horo na musamman a Nairobi da Legas. Wadda ta tafi bayan ta ga majinyata dubbai ta san abin da za ta tambaya, ta san abin da zai yi aiki idan ta dawo da abin da zai tsaya a filin jirgi.

Marigayiya Dokta Ameyo Stella Adadevoh haka ta yi. A Legas ta yi karatu da horon ƙwarewa, ta je asibitin Hammersmith a Landan ta ƙaro endokirinoloji, ta dawo ta yi aiki shekara 21 a wani asibiti a Legas. Ita ce a Yulin 2014 ta ƙi sallamar matafiyin da ya shigo da Ebola duk da matsin da aka yi mata, cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Na kawo ta ne kuma don wani dalili: likitar homon ce, amma idonta na likitan kowace cuta bai dushe ba. Kada ki yarda ƙwarewa ta raba ki da zagayen ɗakin majinyata da kiran dare. Mai suga da ciwon ƙoda yake zuwa, da shanyewar ɓarin jiki, da tarin fuka.

Batun kuɗi ba zan ɓoye miki ba. Mai duba zuciya da na'ura ko mai zura kyamara a ciki zai fi ki samu a asibiti mai zaman kansa, domin shi aikin hannu ake biya, ke kuwa tunani da magana ne jarinki. Albashin gwamnati ɗaya ne. Amma majinyacinki naki ne shekara ashirin, shi zai kawo matarsa da yayansa da maƙwabcinsa, kuma ƙofofin bincike da koyarwa a buɗe suke a wannan fanni. Ba za ki rasa rufin asiri ba in Allah ya so.

Game da yara, yawancin aikin na kilinik ne da rana, wanda ya fi wasu rassan sauƙin haɗawa da gida, sai dai shekarun horon ba su da sauƙi ko kaɗan. Ki nemi mai taimako tsayayye tun kafin ki fara, ki zauna da maigida ku kalli jadawalin kiran dare da watannin da za ki yi a wani gari, kada su zo masa ba zato. Kasancewarki mace mai jin Hausa kuma babbar riba ce. Akwai matar da ba za ta taɓa gaya wa namiji cewa gemu na fito mata tana tsigewa a ɓoye ba, ko al'adarta ta ɗauke, ko maigidanta mai suga ya daina kusantarta. Ke za ta gaya miki. Ke ce kuma za ki iya zama da uwargida ku auna tuwo da dunƙulen hannu, ki fahimtar da ita cewa alkama da acca ma suna ɗaga suga idan an cika kwano, zuma ma haka, kuma ba a hana maigidanta tuwon dawa da miyar kuka ba, yawan ne za a rage.

Kafin ki cika takarda, ki roƙi a bar ki ki zauna a kilinik ɗin suga na wata guda, daga buɗewa har tashi. Ki sa siririn zaren gwajin ji mai nauyin giram 10 a aljihun rigarki. Duk wanda ya shigo, ko da ciwon kai ya kawo shi, ki ce ya cire takalmi, ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ki zura hannu cikin takalmin. A makona na farko da yin haka na zaro ƙaramar ƙusa daga takalmin wani direban babbar mota. Ta huda masa dunduniya, wurin har ya fara ruwa, shi kuwa ya tuƙo mota tun daga Fatakwal bai ji komai ba. Mun kwantar da shi a ranar, kuma da ƙafarsa biyu ya koma gida.